Kurakuran da ke kashe hed ɗin firintar bana, da yadda ake gyara su

A shagunan buga bana da sitika na Jidda da Makka, da zarar layi-layi sun fara fitowa a jikin aiki, ko wata kala ta ɗauke, sai ka ji an ce hed, wato kan da ke fesa tawada a jikin aiki, ya toshe. Sau da yawa hed ɗin lafiyarsa ƙalau. Kaf (mazaunin hed) ne ko damfa (ƴar ma'ajiyar tawada da ke saman hed) ko waifa (robar da ke share fuskar hed) suka gaji, kayan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma garin neman gyara sai a ƙarasa hed ɗin da hannu. Bayanin nan ya shafi injinan da ke aiki da tawadar eco-solvent (mai sinadarin narkarwa, ba ta ruwa ba) da hed ɗin kamfanin Epson, irin su DX5 da XP600 da i3200.

Wanki kafin a karanta gwaji

Kafin ka taɓa komai, buga gwajin nozul, wato ƙananan layukan nan da ke nuna ko kowace ƙofar feshi tana fitar da tawada. Sa injin ya yi wa hed wanki mai sauƙi sau ɗaya, ka sake bugawa kusa da na farko, ka kwatanta su a wuri mai haske.

Idan giɓin yana nan daram a wuri ɗaya, busasshiyar tawada ce ta toshe ƙofofin, ko kuma sun mutu. Idan giɓin ya canza wuri, waɗanda suka ɓace ɗazu sun dawo wasu kuma sun tafi, to iska ce ta shiga layin tawada, kuma jiƙa hed ba zai magance ta ba. Idan kuwa gwaji ya fito tsaf, amma bayan mita ɗaya ko biyu na aiki mai cin kala sosai sai jan ya fara dusashewa, ya dawo bayan injin ya huta, tawadar ce ba ta isowa da saurin da hed yake buƙata. Wannan aikin damfa ne ko tiyo ko tanki.

Masu aiki da yawa suna danna wanki mai ƙarfi sau shida, sau bakwai a jere. Yawan zuƙa yana sa tawada kumfa a cikin damfa, gwaji ya ƙara lalacewa, tawada kuma ta tafi robar shara a banza. Sau biyu zuwa uku ya isa. In ba a ga canji ba, a bar injin ya huta kamar rabin awa, kumfar ta kwanta.

Mantawa da kaf

Kaf shi ne wurin da hed yake zama idan ya gama aiki. Yana rufe shi kada ya bushe, kuma ta cikinsa famfo yake zuƙo tawada lokacin wanki. In robar bakinsa ta taurare, ko busasshiyar tawada ta taru a gefenta, famfo iska kawai zai riƙa ja. Za ka ji ƙarar wanki kamar kullum, amma babu abin da ya fito daga hed.

Gwajinsa ba wuya. Matsar da hed gefe, ka cika kaf da ruwan wanki, ka sa famfo ya yi aiki. Ruwan ya kamata ya shanye nan take. In ya tsaya, tiyon ƙasa ya toshe ko famfo ya mutu. In ya shanye, mayar da hed kan kaf, ka cire tiyon shara ka haɗa sirinji ka ja a hankali. Jin tauri tare da fitowar tawada na nufin rufin yana da kyau. Sirinji ya taho sakayau da iska, to kaf bai kama ba: ko a daidaita zamansa, ko a canza shi. Sabon kaf da aka ɗaura a karkace ba shi da maraba da tsoho.

Waifa kuma a goge ta kullum kafin a tashi. Wadda tawada ta daskare a bakinta shafa datti take yi a fuskar hed, har kaloli su gauraya, ka ga rawaya ta fito da duhu-duhu a farkon aiki.

Damfa da iska

Damfa tana da ƴar rariya a ciki da ke tace tawada, kuma da daɗewa takan cushe. Don tabbatarwa, musanya damfar kalar da ke ɗaukewa da ta kusa da ita. In matsalar ta bi damfar zuwa sabon wuri, hed ba shi da laifi. Wajen canzawa a duba ƙaramar robar zoben da ke mahaɗar tiyo, don nan ne iska ta fi shiga, a kuma ja tawada da sirinji har sabuwar damfar ta kusa cika kafin a ɗora ta. A duba hujin iskar murfin tanki ma. Akan same shi a rufe bayan an ƙara tawada, a shafe yini ana neman matsala a wani wuri.

Tura ruwa da ƙarfi

Wannan ne ya fi kashe hed. Bangon da ke raba kaloli a ciki siriri ne ƙwarai, matsa sirinji da ƙarfi yakan fasa shi, daga nan baƙi ya riƙa shiga shuɗi, kuma ba gyara. Toshewar gaske jiƙo take so: zuba ruwan wanki a kaf, a zaunar da hed a kai, a matse tiyon shara kada ruwan ya zube, a bar shi awa ɗaya zuwa biyu, sannan a yi wanki ɗaya a gwada. Ana iya maimaitawa. In dole sai an tura ruwa ta sama, a yi shi da taushin hannu, da an ji turjiya a tsaya.

Ruwan wankin ya zama na irin tawadar da ke injin. Na tawadar ruwa in ya haɗu da eco-solvent dunƙulewa yake yi. Tina (ruwan tsinka fenti) da fetur kuwa suna cinye gam ɗin da ya riƙe farantin hed. Haka nan kada a goge fuskar hed da tishu, yana barin zare yana kuma karce. Sandar soso ta goge hed ake amfani da ita, a gefe-gefe kawai. Kafin a cire wayar hed, a kashe injin a zare shi daga soket, a jira ƴan mintuna. Ɗigon ruwa ɗaya a bakin wayar yana iya ƙona hed da bod, wato allon lantarkin injin, gaba ɗaya.

Zafi, ƙura da hutu

Yawancin injinan nan an yi su ne don ɗaki mai zafin digiri 20 zuwa 30, da laima kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A Makka zafin bazara yana haura 40, a Riyad kuma iska ta bushe ƙarau, ga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ƙara busar da ita. Kada iskar mukayyif ta riƙa bugun injin kai tsaye, kuma inda bushewa ta yi yawa a sa na'urar ƙara laima, don tana rage tartsatsin wutar da ke karkatar da feshi a kan sitika. Kwalaben tawada ba a barin su a mota da rana, kuma a duba ranar ƙarewarsu. Hitar injin ma in zafinta ya wuce abin da mai tawadar ya rubuta, ƙofofin hed take busarwa ana cikin bugu.

Bana da aka jingine a ƙasa takan kwaso ƙura, a goge bakin nadin kafin a ɗora. In ta kumbura hed ya goge ta, a tsayar da aiki nan take a buga gwaji.

Hutun Sallah ne lokacin da hed ya fi bushewa, sai a dawo a tarar da aikin wani kamfani yana jira, injin kuma ya ƙi. Injinan da ke wanke kansu, irin na Roland da Mimaki, a bar babban makunninsu a kunne, a zubar da robar shara kafin a rufe shago. Waɗanda ba sa yi, a samu mai zuwa duk kwana biyu ya buga gwaji. In rufewar za ta kai wata guda, a fitar da tawadar, a cika layin da ruwan ajiya, a tabbatar hed ya zauna daidai a kan kaf.