Yadda ƙungiyar unguwa za ta tunkari hayaƙin manyan jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido

In dai unguwarku na maƙwabtaka da tashar jiragen ruwa to ba sai an yi muku dogon bayani ba. Ka tashi da asuba ka ɗaga labule ka tarar da wani dodon ƙarfe ya tokare maka sama, bututunsa na ta tuƙa hayaƙi a hankali, ga wata ƙara ƙasa-ƙasa da kake ji har cikin ƙirji, shanyar da aka bari a baranda ta yi ɗige-ɗigen baƙi, ga motocin bas sun jeru tun daga ƙofar tasha har bakin makarantar yara. Waɗannan jirage fa ba na wasa ba ne, Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa ya kai mita 365 kuma yana iya kwasar fasinja kusan 7,600, ban da ma'aikata.

Mutane kan tambaya, jirgi yana tsaye me ya kawo hayaƙi? Ai otal ne a kan ruwa. Esi, kicin, lifta, wanki da guga, wurin wanka, fitilu, duk wuta suke sha, don haka injin baya mutuwa ko da an ɗaure shi a bakin tasha tun safe har magariba. Kamar maƙwabci ne ya kafa maka janareta a ƙarƙashin taga, sai dai wannan janaretan zai iya haska ƙaramin gari.

To abin da ke kashe yawancin ƙungiyoyin unguwa shi ne a je mitin da fushi kawai. Wannan ya tashi ya ce wallahi an kashe mu, wancan ta ce ɗanta asma ta tashi, duk gaskiya ne, amma jami'in tasha zai gyara zama ya ce ina shaidar cewa jirgi ne ba motocin kan titi ba? Shi ke nan kowa ya yi tsuru-tsuru. Saboda haka kafin takardar koke, kafin zanga-zanga, kafin komai, ku sayi littafi.

Littafin nan a ba mutum biyu ko uku masu naci, ba lallai ciyaman ko sakatare ba, dattijon da ya yi ritaya yake wuni a baranda ya fi su amfani a nan. Kullum a rubuta sunan jirgi, ƙarfe nawa ya shigo, ƙarfe nawa ya fita, iska daga ina take kaɗawa, akwai wari ko babu, hayaƙin fari ne ko ruwan ɗorawa ko baƙi, a ɗauki hoto da waya daga wuri guda don kar a ce an yi dabara. Sunan jirgi da lokacinsa ba wuya, manyan jirage dole su kunna na'urar AIS mai sanar da inda suke, kuna iya bin su a shafukan intanet na MarineTraffic ko VesselFinder, tashoshi da yawa ma suna wallafa jadawalin shekara. Sannan wata 'yar dabara, ku ajiye farin tayil ko farin faranti a bakin taga, duk bayan kwana uku a goge da farar auduga a sa a leda a rubuta kwanan wata. Ba awon kimiyya ba ne, amma ranar da kuka zube ledojin nan a kan teburin kansila za ku ga fuskarsa ta canja, gani ya kori ji.

Abin da kowa ke mantawa kuma shi ne ranakun da babu jirgi. Su ma a rubuta! Ba tare da su ba babu abin kwatantawa, duk wahalar ta tashi a banza.

Maganar na'urar awon iska kuwa ku yi hattara. Masu araha irin su PurpleAir ko waɗanda ake haɗawa da hannu na Sensor.Community ƙurar PM2.5 suke aunawa, wato ƙananan ƙwayoyin ƙura da ke yawo a iska, alhali hayaƙin jirgi cike yake da ƙwayoyin da suka fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba, waɗanda na'urar ba ta gani sosai, sai ku saka ta ta nuna komai lafiya lau ku ba abokin hamayya makami da hannunku. Ku haɗa da 'yan bututun nan na awon iskar NO2, gurɓatacciyar iskar da ƙonewar mai a inji ke fitarwa, waɗanda ake ratayawa a jikin falwaya na 'yan makonni sannan a tura ɗakin gwaji, kuma in akwai jami'a kusa ku nemi malamin sashen muhalli, ɗalibai kullum neman abin bincike suke. Ma'aunin da za ku riƙe shi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, a matsakaicin shekara PM2.5 kar ya wuce maikirogiram 5 a kowace mita kubik, NO2 kuma 10.

Sai doka. Ba sai kun zama lauyoyi ba, lambobi uku kawai za ku haddace. Tun 1 ga Janairu 2020 hukumar sufurin ruwa ta duniya IMO ta rage farar wuta, wato salfa, da aka yarda a man jirgi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa 0.5. A yankunan da aka keɓe kamar tekun Baltik, tekun Arewa da gaɓar Amurka ta Arewa iyakar 0.1 ce, Bahar Rum ma ta shiga sahu daga 1 ga Mayu 2025. Masu jiragen za su zo muku da wannan 0.1 ɗin suna washe baki, sai ku tuna musu cewa dizal ɗin mota a Turai 0.001 ne, na jirgi ya ninka shi sau ɗari kenan. Ƙungiyar Transport & Environment mai rajin kare muhalli a Turai ta lissafa cewa jirage 218 na yawon shaƙatawa da suka yi zirga-zirga a Turai a 2022 sun fitar da hayaƙin salfa daidai da na motoci biliyan 1, kuma tashar Barcelona ce kan gaba wajen shaƙa. In suka ce ai mun sa na'urar wanke hayaƙi, ku tambaya wace iri, don akwai wadda ke ɗibar ruwan teku ta wanke hayaƙin ta sake maida ruwan dauɗar cikin teku, an gudu ba a tsira ba kenan, shi ya sa tashoshi da dama suka hana zubar da ruwan.

Yanzu ga inda ni nake ganin an fi yin ɓatan kai, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa. Sau da yawa tasha ba a hannun magajin gari take ba. A Marseille ta Faransa tashar ta gwamnatin ƙasa ce, har sai da magajin garin da kansa, Benoît Payan, ya buɗe takardar koke a 2022 yana neman sa hannun jama'a kamar kowa. A Venice ta Italiya mutanen No Grandi Navi, ƙungiyar masu adawa da manyan jirage, sun shekara da shekaru suna fita da ƙananan kwale-kwale da tutoci, jirgin MSC Opera ya ƙwace ya daki bakin tasha da wani jirgin a mashigin Giudecca a Yunin 2019, UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da wuraren tarihi, ta yi barazanar sa birnin cikin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, sannan ne gwamnatin Italiya ta hana jiragen da suka haura tan 25,000 bi ta tsakiyar birnin daga 1 ga Agusta 2021. Wanda ya fi ban takaici shi ne na Key West a Amurka, jama'a sun yi ƙuri'a a Nuwamban 2020 sun taƙaita masu sauka daga jirage zuwa mutum 1,500 a rana, ana cikin murna majalisar jihar Florida ta yi doka a 2021 ta rushe komai. Don haka tun farko ku zauna ku zana a takarda, wa ke da filin, wa ke ba jirgi izinin tsayawa, wa ke duba mai, wa ke sama da duka.

Kuma ku tafi da buƙata ɗaya ko biyu da za a iya ƙirgawa, "a rage gurɓata iska" ba buƙata ba ce, kowa zai ce amin a watse. Mafi sauƙin karewa ita ce a jona jirgi da wutar gari ya kashe injinsa. Ba sabon abu ba ne, Juneau ta Alaska ta fara tun 2001, Tarayyar Turai ma ta wajabta wa manyan tashoshinta nan da 2030. Amma fa kafa soket daban, jonawa daban, a tashar Brooklyn ta birnin New York an kafa kayan amma jirage da yawa ba su riƙa amfani da su ba har sai da majalisar birnin New York ta yi dokar tilastawa a 2024. Ku nace a rubuta kalmar "dole", a kuma riƙa wallafa jirgi nawa ya jona duk wata. Ta biyu ita ce ƙayyade adadi, Palma ta Sifaniya ta yi yarjejeniyar jirgi 3 a rana, Amsterdam ta tsayar da 100 a shekara daga 2026.

Wani abu kuma, direban tasi da mai shagon tsaraba da mai yi wa baƙi jagora 'yan unguwa ne su ma, kuma da jirgin nan suke ci. Kuka nuna musu yatsa kun raba kanku biyu. A Juneau an kai maganar hana jirage shigowa ranar Asabar gaban ƙuri'a a 2024 ta sha ƙasa. Ku ja su cikin kwamiti, maganar jona wuta ba ta rage musu ko fasinja ɗaya, ku fara da ita.

Ranar zama da hukumar tasha mutum huɗu sun isa, mai littafi, mai lambobi, uwa ko ma'aikaciyar jinya da za ta faɗi abin da take gani, da mai rubuta duk abin da aka ce. Kar ku tashi sai an ba ku sunan jami'in da zai amsa da ranar da zai amsa. Kuna komawa gida ku tura musu wasiƙa mai ɗauke da abin da aka yi alkawari, kwafi ga kansila, kwafi ga ɗan jarida, washegari kuma dattijon baranda ya ci gaba da cika littafinsa.