Yadda Ake Daidaita Daɓen Siminti Kafin a Sa Tayil

1. Ka ɗora miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 a kan daɓen, kana jan sa daga wuri zuwa wuri. Duk inda ka ga rata ta wuce milimita 3 a ƙarƙashinsa, ka zagaye wurin da alli.

2. Inda ya yi tudu, ka goge shi da injin gurza. Ka rufe hanci da baki, domin ƙurar siminti tana lahanta huhu.

3. Ka kankare tsohon gam da fenti da maiƙo, ka share tas, ka cike tsagu.

4. Ka shafa firama, wato ruwan shafin da ke hana daɓe shanye ruwan kwaɓin da za ka zuba a kai, ka bari ta bushe. Nan ne masu gaggawa ke tsallakewa, kuma nan aiki ke lalacewa. Tsohon daɓe yana shanye ruwan sabon kwaɓi tun bai kama ba, sai ka ga ya tsattsage ko ya ɓanɓare.

5. Ka sami siminti mai bajewa da kansa, wanda zai cike wuraren da suka yi kwari. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, daidai yadda aka rubuta a jikin buhu, sannan gari. Kada ka ƙara ruwa don ya yi saurin malala, ƙarfinsa zai ragu. Ka kwaɓa iya wanda za ka zuba cikin minti 15, don ba ya jira.

6. Ka fara zubawa daga can ƙurya, kana ja da baya zuwa ƙofa, kana shafe bakin da cokalin magina.

7. Tayil yakan hau bayan awa 24. In katako za a shimfiɗa maimakon tayil kuwa, sai danshi ya fita sarai.