Wuƙar aljihu a arewacin Kamaru da Cadi: abin da sabon zuwa zai kiyaye

Wanda ya sauka Garwa ko Marwa ko Njamena neman na kansa, ko dako yake yi, ko tireda, ko gyaran babur, ko sayar da goro, ba zai kwana biyu ba sai ya nemi abin yanke igiya ko farke bakin buhu. Don haka ba za mu ce kada ka riƙe wuƙa ba, ɗan'uwa. Sai dai a nan wuƙarka kayan aiki ce muddin girmanta da wurin da aka gan ta sun nuna haka. In ba su nuna ba, jandarma zai kira ta makami, kai kuwa baƙo ne.

Ka fara da sanin sunanta. Da Faransanci kuto ce, ƙaramar mai ninkewa kuma kanif. Fulani na cewa laɓi, Larabawan Cadi sakkin. In ka ji jami'i ya ce "arme blanche", to magana ta tashi daga kayan aiki ta koma makami, domin dokar makamai ta Kamaru ta 2016 ta sa irin wannan a cikin rukunonin makamai. Tun hare-haren bama-bamai na 2015 a Njamena da Marwa ake yawan laluben mutane a ƙofar kasuwa, tashar mota da shingayen hanya. Gadar Ngeli da ke tsakanin Kusuri da Njamena ma wurin bincike ce.

A Cadi za ka ga makiyaya da mutanen arewa da wuƙa cikin kube ɗaure a damtse. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma ka nemi taka, amma ban da wannan. Su 'yan ƙasa ne, al'adarsu ce, suna da dangin da za su tsaya musu.

Wajen saye, nemi mai ruwa santimita 7 zuwa 9, wato kamar faɗin yatsunka huɗu, mai kaifi ɓari guda. Ka bar mai maɓalli da ke fallowa da kanta, da mai baki biyu, da baƙar nan mai haƙoran zarto a baya irin ta sojoji. Ba su fi yanka ba, jawo ido kawai suke yi. Opinel ta Faransa lamba 8 ruwanta santimita 8.5 ne, ƙotarta itace, tana da zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa ya kulle ruwan. Okapi, wadda ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, akwai irinta mai zobe a baya, sai an ja shi take rufuwa. Douk-Douk mai ƙotar ƙarfe siririya ce, ba ta da makulli, sifirin ne kawai ke riƙe ta, haka ma yawancin ƙananan Victorinox masu almakashi da abin buɗe gwangwani. Wannan bambancin shi ne abin lura: marar makulli ta yanka ce kawai. Ka soka ta a itace ko taya, sai ta ninke a kan yatsunka.

Akwai jabu, saboda haka ka gwada a gaban mai kaya. Buɗe ta, kama bayan ruwan, girgiza hagu da dama. In tana rawa, ƙusar gaɓar ta yi sako-sako. Kulle ta, danna bayan ruwan a gefen tebur, yatsunka a gefe, ka ga ko za ta saki. Sannan rufe ta ka shafa yatsa ta wajen tsinin: in ya leƙo waje ko kaɗan, zai huda aljihu, wata rana ya huda cinya.

Ƙarfen iri biyu ne. Wanda aka rubuta wa "inox" ba ya saurin tsatsa, shi ya fi dacewa da mai yanka mangwaro, lemo da tumatir. Mai "carbone" ya fi saurin ɗaukar kaifi, amma ka yanka albasa ka rufe shi da danshi, da safe ka ga ja. Baƙi-baƙin da yake yi bayan 'yan kwanaki ba lahani ba ne, yana ma ɗan kare shi. Jar tsatsa ce ake gogewa da toka da tsumma.

Wasawa ita ce inda yawancin mutane ke kashe wuƙarsu. Kada ka miƙa ta ga mai injin wasa adda: dutsen injin na cinye ƙarfe, yana kuma ɗumama bakin har ya yi shuɗi, daga nan ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Sayi dutsen wasa mai fuska biyu, mai kaushi da mai laushi, ka jiƙa shi da ruwa. Ka tsayar da ruwan wuƙar tsaye cak a kan dutsen, ka kwantar da shi rabi, ka sake kwantar da shi rabin wannan. Kusurwar da ka samu, wajen digiri 20, ita ake nema. Ka riƙa turawa kamar kana son yanko siririn ɓawo daga dutsen, daga gindi har tsini, sau 10 zuwa 15. Sai ka shafa babban yatsa a ɗaya gefen, daga baya zuwa baki, ba ta tsawon kaifin ba. In ka ji ɗan ƙaiƙayi kamar gashin ƙarfe daga gindi har tsini, wannan gefen ya isa, juya ka yi ɗayan. Wanda ya yi ta gogawa wuƙa ba ta ci ba, ko dai hannunsa na canza kusurwa ne, ko ya juya tun gashin bai fito ba. Ka ƙarasa a fuska mai laushi da hannu sakayau, sannan ka ja ta da baya a kan bel ɗin fata sau goma don gashin ya fita. In ta tsaga takarda ba tare da ta yage ba, ta yi. Ranar da babu dutse, gindin kofin tangaran, inda ba a shafa ƙyalli ba, yana tayar da kaifi.

Lokacin hunturu ƙura ke shiga gaɓa, ka ji tana ƙaras-ƙaras. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, a busar sarai, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo guda. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo ya tara datti, baƙin mai kuwa ba a sa shi a abin da zai taɓa abinci. Da damina, musamman a Ngaundere inda ruwa ke daɗewa, ƙotar itace na kumbura ta riƙe ruwan wuƙar gam. Kada ka karya farce: buga ƙarshen ƙotar a kan benci, ruwan zai leƙo, sannan ka shanya ta a inuwa.

A wajen aiki, ka yanka kana turawa gaba, hannun da ke riƙe da kayan yana bayan kaifi. Buhun hatsi zaren ɗinkin ake yankewa, ba jikin buhun ba. Kwali kuwa tsinin kawai ake sawa, don kada a tsarge kayan ciki. Robar ɗaurin kaya a babur tana da ja, in ka yanke ta tana miƙe za ta dawo maka a fuska, sassauta ta tukuna. Tsini ba abin kwance noti ba ne, ba na ɓalle murfin gwangwanin fenti ba, nan take yake karyewa. Rake da ƙashi aikin adda ne. In wani ya ce ara mini, rufe ta ka miƙa. Ko da wasa kada ka nuna mutum da ita, Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami.

Batun ɗauka: da rana a wurin sana'a tana iya zama a aljihu, ita kaɗai, ban da makullai da tsabar sefa da ke buɗe ta. A hanya kuwa ta shiga jaka tare da sauran kayan aiki. Ofishin hukuma, banki, asibiti, filin ƙwallo, taron siyasa da yawon dare, a bar ta gida. Ko jirgin ƙasa za ka shiga daga Ngaundere zuwa Yawunde, sa ta can ƙasan akwati. A jirgin sama sai cikin kayan da ake aunawa. In an tsayar da kai a shinge, miƙa takardunka, ka faɗa da bakinka cewa akwai kanif na aiki a jaka, kada ka zura hannu don ka nuna. In jami'in ya ce zai riƙe, bar masa, kuɗinta bai kai kwana guda a rufe ba. In kuma rigima ta tashi a tasha, manta tana jikinka, domin fito da ita kaɗai ya isa ya mai da cacar baki shari'a.

In ka yanke, danne wurin da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa, hannu a sama, sannan ka wanke da ruwa da sabulu ka sa Bétadine, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ban da toka, ƙasa ko man birki. In jini ya ƙi tsayawa, ko ciwon ya buɗe baki, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa ko ya mutu ba ka jin taɓi, jijiya ta taɓu ke nan, a tafi asibiti ranar, ba gobe ba. Ka kuma gaya musu rabonka da allurar tetanus, su duba ko kana buƙatar wata.