Yadda Za Ka Karanta Farashin Hannun Jari Kafin Ka Saya

Wanda ya taɓa sayen masara a Dawanau lokacin kaka, ya ajiye ta har bazara, ya riga ya san rabin sirrin kasuwar hannayen jari, domin a nan ma yawan masu saye da ƙarancin masu sayarwa ne ke ɗaga farashi. Bambancin shi ne abin da ake ciniki a kasuwar hannayen jari ta Najeriya (NGX) da ke Legas wani yanki ne na mallakar kamfani, ba buhun da za ka zura hannu ka duba ƙwayarsa ba.

Shiga kasuwar ba ta da wahala. Ka nemi dillalin da hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannayen jari, ta yi wa rajista, ka ba shi lambar BVN da katin shaida, shi kuma ya buɗe maka asusun CSCS inda za a ajiye hannayen jarin da sunanka.

Inda aikin yake shi ne gane dalilin motsin farashi. Kafin ka saya, ka buɗe rahoton shekara na kamfanin, ka duba ko bashin da ke kansa na naira ne ko na dala. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta yanke farashinta har ta faɗi, MTN Najeriya da Nestlé Najeriya sun rufe shekarar da asara, ba don mutane sun daina sayen kati ko Maggi ba, sai don nauyin dalar da ake binsu ya kumbura, alhali bankunan da ke riƙe da dala sun kwashi riba mai kauri. Iska ɗaya ce ta kaɗa, amma ba gefe ɗaya ta tura kowa ba.

Ka kuma sa ido kan Babban Bankin Najeriya. Idan ya ɗaga kuɗin ruwa, kamar yadda ya kai shi kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, manyan masu kuɗi sukan karkata ga takardun bashin gwamnati, kamfanonin da ke rayuwa da rance kuma ribarsu ta ragu. Haka nan kada hankalinka ya tashi idan farashi ya sauka bayan cikar ranar tantance masu karɓar rabon riba, domin an cire kuɗin rabon ne daga cikinsa.

A ganina, kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne sayen jari da kuɗin aro. Mutane da yawa sun yi haka kafin faɗuwar kasuwar a 2008, jarin ya narke, bashin bankin kuwa yana nan daram.

Wanda ke gudun riba ta haram zai iya fara bincikensa daga ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda ya ƙunshi kamfanonin da aka tantance bisa ƙa'idojin shari'a, sannan ya duba lissafin kowannensu da kansa kafin ya kira dillali.