Yadda Ake Gane Mai Haɗarin Ciwon Huhun Beriliyam

Fara da tarihin aiki: mutumin ya taɓa narka beriliyam (wani ƙarfe da ake amfani da shi a masana'antu), gogarsa ko shaƙar ƙurarsa? Shekaru ashirin baya ma a lissafa, domin ciwon kan jinkirta.

Sannan a yi gwajin jini na BeLPT, wanda ke nuna ko beriliyam na tunzura garkuwar jikinsa. Sakamako ɗaya kan yi kuskure, sai an maimaita.

Gado na da hannu. Yawancin masu ciwon suna ɗauke da wata alama ta gado mai suna Glu69 a ƙwayar halittar HLA-DPB1, wadda ke riƙe beriliyam ta tunzura garkuwar jiki. Amma masu lafiya da yawa ma suna da ita, don haka kada a sallami ma'aikaci a kanta.

In tari da haki sun zo, a ɗebo tsokar huhu a duba. Nan likitoci kan ruɗe, su ce sarkoyidosis ne, wani ciwo daban da shi ma kan kama huhu, saboda ƙulluwan da cututtukan biyu ke haifarwa a huhu kamarsu ɗaya.