Yadda ake mayar da jijiyar zuciya mazauninta a jariri mai ALCAPA

Jijiyoyi biyu da ke shayar da tsokar zuciya daga awota, babbar jijiyar da ke kai jini ga jiki, suke fitowa. A ALCAPA, larurar da ake haihuwar jariri da ita, ta hagun daga jijiyar huhu take tsirowa. Makonnin farko lafiya lau. Sai matsin jinin huhu ya sauka, wajen wata biyu zuwa uku, jinin ya juya baya, tsokar hagu ta rasa rabonta. Jariri na kama nono sai gumi ya karyo masa, ya yi fari fat, ya tsandara kuka. Ba tiyata, kusan tara cikin goma ba sa cika shekara, shi ya sa ba a jira ya ƙara nauyi.

A tsaga ƙashin ƙirji, a ba da hefarin, maganin hana jini daskarewa, yunit 300 zuwa 400 ga kowane kilo, a ɗora shi kan na'urar zuciya da huhu. Na'ura na tashi a ɗaure rassan jijiyar huhu biyu. In aka yi sanya, ɗan jinin da ke isa hagu zai tsiyaye cikin huhu. Ruwan tsayar da zuciya, irin na del Nido, mililita 20 ne ga kilo, a raba shi ta awota da ta jijiyar huhu.

Daga nan a datse jijiyar huhu, a yanko bakin jijiyar zuciyar da faffaɗan gefe kamar maɓalli, a ɗan saki jikinta har ta isa awota. A buɗe mata ƙofa a jikin awota, a ɗinke da zaren polifurofilin 7-0, a cike gurbin da aka bari da tantanin zuciyar jaririn.

Nan ne aiki ke ɓaci. In ta yi gajarta za ta ɗame, in ƙofar ta kauce za ta lanƙwashe, ko wanne kuwa toshewa ce. Gara a sa alamar wurin tun awota na cike da jini. In nisan ya yi yawa, akwai dabarar Takeuchi ta 1979, wato gina mata hanya ta cikin jijiyar huhu, sai dai takan bar ƙunci ko yoyo daga baya.

Bawul ɗin mitiral, na ɓangaren hagun zuciya, in yana yoyo, yawanci a ƙyale shi, yakan gyaru in tsoka ta farfaɗo. Zuciyar kan fito a galabaice: a sa milrinon, maganin ƙarfafa bugun zuciya, a bar ƙirji a buɗe kwana biyu ko uku in akwai kumburi, na'urar ECMO mai tallafa wa zuciya da huhu kuma ta kasance a kusa. Ƙarfin bugun yakan dawo cikin watanni.