Darasi na Tara: Man Ƙamshin Tsirrai, Yadda Ake Auna Shi da Amfani da Shi a Gida

A kantunan attara na kasuwar Utaibiyya a Makka, da na Sukul Alawi a Balad ta Jidda, akwai wasu 'yan kwalabe masu duhu da ake jerawa kusa da miski da itacen udu. Tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, galibi mililita 10 ne a ciki. Man ƙamshin tsirrai ke nan. Mu mutanen turare ne, hannunmu ya saba da humra da turaren wuta, muna zubawa ba awo. To wannan mai ba ya ɗaukar wannan sabo. Da ɗigo ake ƙirga shi, kamar kanwa a miya: kaɗan ta gyara, ta yi yawa ta ɓata tukunya.

Daga ina yake fitowa?

Wanda ya taɓa hawa Ɗa'if a watan Maris ko Afrilu ya ga yadda ake yi. A gonakin Hada da Shafa ana tsinke furen wardi da sassafe, kafin rana ta kwashe ƙamshinsa. A zuba furen cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe, a hura wuta. Tururi ya tashi ɗauke da ƙamshin, ya bi ta bututun da ya ratsa ruwan sanyi, ya koma ruwa, yana ɗiga cikin babbar kwalba. Abin da ya taru a ƙasa shi ne ruwan wardi. Ɗan siririn man da ya taso sama shi ne abin nema, ana kwashe shi a sayar da tola, tola ɗaya kuwa giram 11.7 ce. Sai an dafa fure sama da kilo 3,000 kafin a samu kilo ɗaya na man wardi. Saboda haka duk wanda ya miƙo muku tola a kan riyal 20 ya ce wardin Ɗa'if ne zalla, ba shi ba ne.

Haka ake tace man na'ana'a, da kanumfari, da huzama, wato furen da Turawa ke kira lavanda. Na lemo kuwa daga ɓawo ake matso shi.

Kwalba uku da ake rikitawa

Ta farko, man ƙamshi tatacce, wanda muke magana a kansa. Ta biyu, turaren mai na masana'anta: ƙamshi ne da aka harhaɗa don a shafa a tufa, ba laifi a wurinsa, amma ba shi ake nufi a wannan darasi ba. Ta uku, man sirki: man zaitun, man riɗi, man kwakwa, man lauz (almon), man kaɗanya. Waɗannan ba sa tashi a iska, da su ake sirka na farkon.

Mai kanti yakan kira ta farko da ta biyu da suna ɗaya, don haka a karanta jikin kwalba. Na kirki yana ɗauke da sunan tsiron na kimiyya, misali Lavandula angustifolia ga huzama, da ƙasar da aka noma shi, da ranar ƙarewar aiki. Kwalbar ta zama ta gilashi mai duhu, da ɗan toshi a baki mai fitar da ɗigo ɗai-ɗai. In kun ga wardi da lemo da sandal duk kuɗinsu ɗaya, haɗin masana'anta ne.

A gida ku ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ku bar ta ta kwana. Tataccen man huzama ko na'ana'a yakan tashi bai bar maiƙo ba. In ya bar da'irar maiƙo, an sirka shi. Wannan gwaji ba ya aiki ga mai nauyi irin su sandal da udu, kuma ba ya tona ƙamshin masana'anta.

Mai farawa kwalba biyu sun ishe shi: huzama da lemon zaƙi. In gidan babu ƙananan yara, a ƙara na'ana'a. Kanumfari da kirfa a dakata da su tukuna. Mun san su a shayi da kunu shi ya sa ake raina su, alhali mansu yana cikin masu saurin ƙona fata.

Awo

Nan ne zuciyar darasin, a karanta shi sau biyu.

Mililita 1 kusan ɗigo 20 ne. Ƙaramin cokali mililita 5 ne, babban cokali 15. Da yake cokulan gida sun bambanta, ya fi kyau a sayi sirinji marar allura a saidaliyya, wato kantin magani, ko a wanke ɗan kofin awo da ke zuwa da maganin tari.

Ɗigo 1 a ƙaramin cokali ɗaya na man sirki: kashi 1 cikin 100. Wannan na fuska ne, da tsofaffi, da mai laushin fata.

Ɗigo 2 a ƙaramin cokali ɗaya: kashi 2 cikin 100. Wannan na jikin babba mai lafiya ne.

Ga misali. Ana son man tausa na ƙafa da baya ga wadda ta wuni tsaye a wurin aiki. A samo kwalba mai tsabta, busasshiya, mai cin mililita 30. A zuba man riɗi babban cokali biyu. Mililita 30 ƙananan cokula shida ke nan, shida sau biyu sha biyu. A riƙe kwalbar huzama a kife tsaye, kada a girgiza ta, a bar ɗigon ya sauko da kansa, ana ƙirgawa da baki har 12. A rufe, a jujjuya tsakanin tafin hannu biyu. A manna takarda a rubuta abin da ke ciki da kwanan wata. A ƙarar da shi cikin wata uku.

In za a haɗa mai iri biyu, jimillarsu ce za ta zama 12, misali huzama 8, lemon zaƙi 4. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa 12 na wannan, 12 na wancan, ƙarfin ya ninka ba a sani ba.

Kanumfari ba ya bin wannan lissafi: ɗigo 1 a mililita 10, kada ya wuce. Man ɓawon kirfa kuwa ɗigo ɗaya sai an sirka shi da mai kusan mililita 70.

Kafin a shafa sabon haɗi a jiki, a ɗan shafa a cikin damtse, a bari kwana ɗaya zuwa biyu. In wurin ya yi ja, ko ƙaiƙayi, ko ƙuraje, a wanke da sabulu a haƙura da wannan mai. Dalilin duk wannan taka-tsantsan: wanda ke shafa mai tsagwaronsa yana iya kwashe watanni lafiya lau, rana ɗaya fata ta ƙi shi. In ta ƙi, sau da yawa ta ƙi ke nan har abada, ko a sabulu aka gamu da ƙamshin sai jiki ya tashi.

Ƙamsasa ɗaki

Fawwaha ta lantarki tana cin ruwa ta fitar da hazo mai sanyi. A zuba ruwa daidai layin da aka zana a ciki, a sa ɗigo 3 zuwa 5 a kowane mililita 100. A kunna minti 30 zuwa awa ɗaya, a kashe, a huta kamar haka.

Ɗakunanmu a nan Saudiyya a rufe suke, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana juya iska ɗaya, wani ɗakin kuma mutum biyar ko shida ke kwana. Bayan 'yan mintoci hanci yakan saba ya daina jin ƙamshin, sai a zaci ya ƙare a ƙara ɗigo. Daga nan ciwon kai da tashin zuciya ke farawa. Kada a ƙara. A bar ƙofa a ɗan buɗe, kuma kada a kwana da ita a kunne.

In fawwaha ta rage hazo, dattin ruwa da danƙon mai ne suka rufe ɗan faifan da ke ƙasanta. A cire ta daga wuta, a zuba ruwa da ƙaramin cokali na khal, wato binega, a bari minti goma, a goge faifan da auduga a hankali, a ɗauraye.

Wanda ba shi da fawwaha ya sa ɗigo 2 a auduga ya ajiye nesa da hannun yara. Kada a ɗiga man a kan garwashin kasko: yana kama wuta, kuma ƙauri zai yi, ba ƙamshi ba.

Sirace don mura na manya ne kawai. Ruwan zafi a kwano, ɗigo 1 ko 2, a rufe ido, minti biyar. Sanyin na'ana'a yana sa a ji kamar hanci ya buɗe, sauƙi ne na ɗan lokaci, ba ya kashe mura. Mai asma kada ya yi. A bokitin wanka ma kada a ɗiga kai tsaye, don mai ba ya narkewa a ruwa, yana yawo a sama ya manne wa fata da cikakken ƙarfinsa. A fara kwaɓa ɗigo 3 da babban cokali na sabulun ruwa.

Rana

Man lemon tsami da aka matso daga ɓawo, da na bargamot, wani nau'in lemo, suna da sinadarin da ke sa rana ta ƙona fata. Wurin yakan yi bororo, ya bar baƙin tabo na watanni. In an shafa su, awa 12 kada rana ta taɓa wurin. Da irin ranar Makka da Madina, shawararmu a bar su a fawwaha kawai. Man lemon zaƙi ba shi da wannan illa.

Waɗanda za a kiyaye

Jariri ba a shafa masa, ba a kunna masa. Yaro ƙasa da shekara biyu sai da izinin likita. Na'ana'a da yukalibtus kada su kusanci fuska ko hancin ƙaramin yaro, suna iya tauye masa numfashi. A lura, wasu masu kanti suna kiran yukalibtus da kafur da suna ɗaya. Kafur kuwa ko kaɗan yaro ya haɗiye yana iya sa shi jijjiga. Man wintagirin na ciwon gaɓɓai, ƙaramin cokali ɗaya nasa ya fi ƙarfin ƙwayar asfirin 20. Gidan da ke da yara kada ya shigo.

Mai ciki ta bar su duka a wata ukun farko, bayan nan ta tambayi likitarta. Mai farfaɗiya ya nisanci kafur da yukalibtus. Wanda likita ya hana shi cin waken ful saboda fashewar jini, lalurar da ake kira G6PD wadda ba baƙuwa ba ce a cikinmu, ya nisanci man na'ana'a. Kyanwa ma jikinta ba ya iya sarrafa waɗannan mayuka, kada a kulle ta a ɗaki da fawwaha.

Ba a shan man ƙamshi, ko a zuma ko a shayi. Ba a sa shi a ido, ko kunne, ko cikin hanci, ko al'aura. 'Yan uwa mata, wannan ta ƙarshe da ku muke: fatar wurin ba ta jure shi, ƙuna da ciwo yake jawowa, komai daɗin bakin mai talla. Haka nan ba ya maganin hawan jini ko ciwon suga. Mai shan maganin asibiti ya ci gaba da shan abinsa.

In kun yi baƙi alhazai ko masu umara, ku tuna wanda ya ɗaura harami ba ya shafa turare a jiki ko tufa. Man wardi da huzama ƙamshi ne. In lalura ta sa yana bukatar man shafawa mai ƙamshi, ya tambayi malami.

In tsautsayi ya faru

A fata: a goge da man zaitun, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa.

A ido: a dinga kwarara ruwa mai tsabta minti 15, ba tsayawa, sannan a nufi asibiti.

In yaro ya sha: kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa madara ko mai. Amai yana iya tura man cikin huhu, abin da ya fi shan man haɗari. A kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ko da yaron yana wasa abinsa, don alamun kan ɗan jinkirta. In yana layi, ko barci ya kwashe shi, ko numfashi ya sauya, a kira motar asibiti a 997. A tafi da kwalbar a hannu.

Ajiya

Zafi da haske da iska su ke lalata shi. Kada a bar shi a mota, ko bakin taga, ko kusa da murhu. A rufe nan take bayan an ɗiga. Mayukan lemo a sa su a firji cikin gwangwani mai murfi, a ƙarar da su cikin shekara ɗaya da buɗewa. Huzama da na'ana'a sukan kai shekara biyu zuwa uku. Wanda ya yi kauri, ko ya yi gurɓi-gurɓi, ko warinsa ya sauya, ya bar taɓa fata, don tsohon mai ya fi sabo tayar da ƙaiƙayi.

Aikin aji

1. Mililita nawa ne a babban cokali uku?
2. Hajiya tana da man kwakwa mililita 20, tana son haɗi na kashi 1 cikin 100 don fuska. Ɗigo nawa za ta sa?
3. Kwalba mai mililita 10 ɗigo nawa ke cikinta? In ana sa ɗigo 4 kullum a fawwaha, kwana nawa za ta yi?
4. Ku rubuta 937 da 997 da manyan lambobi a takarda, ku manna a ƙofar firji.
5. Mako mai zuwa kowa ya zo da kwalba ɗaya daga gida, ta turare ko ta mai, mu karanta abin da ke jikinta tare, mu raba su gida uku.